Inda ake koyar da addini an raba yaran, inda suka haɗu kuma an yi shiru

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a jaridarka in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin Larabci ne da darasin addini a nan Damagaram. Na fara aiki a faranko-arab ta gwamnati, wato makarantar da ke haɗa karatun Faransanci da na Larabci, yanzu kuma da furfura ta fara yawa ina wata makarantar kuɗi mai bin tsarin boko na Faransanci, amma ta ware wasu awoyi a mako domin Larabci da addini. A ajina akwai Bahaushe da Babarbare da Bafillace da Buzu, akwai ɗan Tubawa, akwai ƴaƴan ma'aikata Zabarmawa da aiki ya kawo iyayensu daga Yamai ko Doso, akwai kuma ƴan tsirarun yara Kiristoci, wasu ƴan ƙasa, wasu iyayensu ƴan kasuwa ne daga Benin da Togo da kudancin Najeriya. Abin da zan faɗa a bakin allo na gan shi.

Ka duba yinin yaro ɗaya a garin nan. Da safe yana lakwal, wato makarantar boko. Nan ne kaɗai yake zama a benci guda da wanda ba yarensu ɗaya ba, ba aƙidarsu ɗaya ba, wani lokaci ma ba addininsu ɗaya ba. Amma a lakwal ta gwamnati ba a darasin addini, mushe, malamin ajin, lissafi da Faransanci ya sani, in yara biyu suka fara musu kan aƙida sai ya daka musu tsawa su yi shiru, maganar ta koma bayan aji. Da la'asar yaron ya sauya kaya ya tafi islamiyya ko makarantar allo. Can kuwa uba ya riga ya zaɓa: ɗan Izala ya kai nasa inda malaman Izala suke, ɗan ɗariƙa ya kai nasa zawiyya ko zauren malaminsa. Babu laifi, kowa da inda ya yarda da karatunsa. Sai dai sakamakon shi ne, wurin da ake yi wa yaro maganar Allah da Annabi babu kowa a gefensa sai irinsa, wurin da yake cuɗanya da wanda ba irinsa ba kuma babu mai gaya masa abin da Allah da Annabi suka ce game da wannan zaman. Da dare sai waya ta ƙarasa aikin. Yaro ɗan shekara 13 yana kwance da wayar yayansa yana sauraren raddi a WhatsApp da TikTok, malam kaza ya yi wa malam kaza kaca-kaca, ana kabbara. Gobe da safe da wannan zai shigo mini aji.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, Damagaram ba baƙuwar cakuɗa ba ce. Gidan sarautarmu tushensa Barebari ne, kakan gidan ma malami ne. Sarki Tanimun da ya gina ganuwar Birni ya mulki gari mai Hausawa da Barebari da Fulani, ga Zango a gefe inda ayarin Abzinawa ke sauka, ga Larabawan Turabulus da Gadamus suna ciniki. Har Faransawa suka ci garin a 1899, har aka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan aka kai Yamai a 1926, mutanen nan suna auratayya suna cin kasuwa ɗaya. Ba zan ce kakanninmu waliyyai ne ba. An yi yaƙi, an yi bauta, an yi zalunci, wanda ya san tarihin Birni ya san haka. Amma sun san yadda ake zama da baƙo, kuma malamansu ne suka koya musu, daga littattafan da har yau suke cikin gafakarmu.

Kowane Badamagare mai hankali yana tuna Juma'ar 16 ga Janairun 2015. Wata jaridar Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma babu Musulmin da abin bai sosa wa rai ba, har da ni. Amma me aka yi bayan an sauko daga masallaci? Aka ƙona coci-coci, aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka afka wa gidaje da shagunan Kiristoci, har makarantar mishan ba ta tsira ba, alhali akasarin yaran da ke karatu a cikinta ƴaƴan Musulmi ne. Ɗaruruwan Kiristoci sai a barikin soja suka samu mafaka. Washegari wutar ta kama Yamai. Mutum goma suka rasa rayukansu tsakanin garuruwan biyu. Kafin nan ma, a Satumban 2012, an taɓa farfasa cocin Katolika na garin nan saboda wani fim da aka yi a Amurka. Masu zanen suna can Faris, ko ƙwarzane bai same su daga gare mu ba. Wanda ya kwana a bariki da ƴaƴansa kuwa maƙwabcinmu ne, mai gyara mana mota, mai yi wa matanmu allura.

Daga baya an yi ta ɗora laifin a kan ƴan pale, wato gungun matasan unguwanni, aka ce zauna-gari-banza ne, ƴan shaye-shaye. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Da yawa daga cikin matasan da suka fito ranar sun zauna gaban malami, sun iya alwala, wasu sun sauke Alƙur'ani. Wato sun karanta Suratul Hajji, sun bi ta kan aya ta 40 inda Allah ya ambaci wuraren ibadar ruhubanawa da coci-coci da majami'un Yahudawa da masallatai a jere, ya ce da ba don yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba da an rusa su. Sun karanta ta da tajwidi mai kyau. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya fassara musu ita. Waɗanda suka fitar da mu kunya ranar su ne Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunan matansu, kuma irin waɗannan da yawa dattawa ne masu karatun zaure.

Bari in ba ka misali ƙarami daga makarantarmu. Ka san Damagaram da ƙishirwa, in zafi ya yi a watan Afrilu famfo sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba. Muna da randa guda a bakin ajin, ƴan garuwa ke cika ta, da moɗa ɗaya ta roba ɗaure da igiya. Wata rana lokacin hutun tara na hango yara mata sun yi layi, wata yarinya Kirista ƴar shekara 11 ta sha ta miƙa moɗar, wadda ke bayanta ta noƙe hannu. Ta ukun ce ta karɓa, ta ɗebi ruwa ta ɗauraye moɗar sau uku, ta zubar a ƙasa, a garin da ake sayen ruwa da kuɗi, sannan ta sha. Ba wadda ta yi zagi. Yarinyar ta ga komai, ta goge bakinta da gefen ɗankwali ta koma aji. Da na tambayi wadda ta noƙe, cewa ta yi, "Malam, ai an ce bakinsu najasa ne." Na ce wa ya ce? Ta ce a waya ta ji.

Ban yi mata faɗa ba, don ba ita ta ƙirƙiro ba. Washegari na zo da Iziyya, littafin fiƙihun da kakanta ma ya karanta, na sa ta karanta da bakinta inda aka ce duk mai rai tsarkakakke ne, ɗan Adam ne ko waninsa, haka guminsa da yawunsa da hawayensa. Na gaya musu Imam Buhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya yi alwala da ruwan gidan wata Banasariya. Na karanta musu aya ta 5 a Suratul Ma'ida inda aka halatta mana abincin Ma'abota Littafi. Wani yaro mai kaifin baki ya ɗaga hannu ya ce, to Malam ayar da ta ce mushirikai najasa ne fa? Na ji daɗin tambayar. Na ce masa jumhurun malamai sun fassara ta da najasar aƙida, ba ta jiki ba, shi ya sa fiƙihun da muke bi bai ce a wanke hannu bayan an gaisa da wanda ba Musulmi ba. Darasin bai kai rabin awa ba. Ban ce zukata sun wanku a ranar ba, amma ɗauraye moɗa ya tsaya. Ka lura, Malam Edita, ban kawo musu komai daga waje ba. Da na ce musu dokar ƙasa ce ko haƙƙin ɗan Adam, da sun gyaɗa kai sun ci gaba da abinsu, domin a ganinsu addini suke karewa. Abin da aka shigar da sunan addini, addini ne kawai zai fitar da shi.

Kuma kada a ɗauka matsalar tsakanin Musulmi da Kirista ta tsaya. Wallahi wadda ke tsakaninmu ta fi yawa, don kullum ce. A sallar azahar a filin makaranta na sha ganin yaro ya ja da baya daga sahu saboda limamin ranar, ɗan ajinsu, ya saki hannu, ko kuwa ya yi ƙabalu. Na ji yaro ya kira ɗan'uwansa ɗan bidi'a, wancan ya rama da cewa ku ne ba ku son Annabi. Yara ne da ko gemu ba su fara ba. Ƙungiyar Izala a Jos aka kafa ta a 1978, ta shigo mana ta Maraɗi da nan Damagaram, ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya kuwa sun riga ta da nisa, kuma muhawarar da ke tsakanin malamansu muhawara ce ta ilimi, ba ni ne zan raba ta a wasiƙa ba. Abin da nake koya wa yarana shi ne, hadisin ɗora dama a kan hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, ruwayar sakin hannu a farilla kuma tana cikin Mudawwana daga almajirinsa Ibnul Ƙasim, kuma babu malamin mazhabar da ya ce sallar ɗayansu ta ɓaci. Ina ba su labarin ranar Banu Ƙuraiza, da Annabi ya ce kada kowa ya yi la'asar sai can, wasu sahabbai suka yi a hanya don tsoron fitar lokaci, wasu suka jinkirta har suka isa, bai zargi ko ɓangare ɗaya ba. Ina gaya musu halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa duniyar Musulmi bin Muwaɗɗa, Malik da kansa ya hana, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa kowane gari da ilimin da ya iso musu. Yaron da ya ji wannan yana ɗan shekara 12 zai iya girma ya zama ɗan Izala na gaske ko Batijjane na gaske, amma da wuya ya ɗauki dutse.

Abin mamaki, shafin farko na Ahalari ma ya isa. Kafin a kai ga ruwa da alwala, marubucin ya lissafa abubuwan da suka haramta ga baligi: ƙarya, giba, annamimanci, girman kai, hassada, ganin fifiko a kan wani, zunɗe, izgili. Ya ce bai halatta mutum ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, ya tambayi malamai. Mu malamai mukan bi ta kan wannan shafi a guje cikin kwana biyu, don mu isa ga ƙabli da ba'adi inda za mu shafe watanni. Ƙabli da ba'adi wajibi ne a sani. Amma wanda ya cinna wa ɗakin ibadar wani wuta bai tambayi kowa hukuncin Allah ba, kuma wannan layin ya haddace shi tun yana ƙarami.

Na san abin da wasu ƴan'uwana malamai za su ce, don sun faɗa mini a ido: wai wannan hanya ce ta narkar da aƙidar yara, a wayi gari sun ɗauka duk addinai ɗaya ne. A'a. Ni ina koya wa ɗalibaina cewa Musulunci ne gaskiya, kamar yadda fasto ke koya wa nasa abin da ya yarda da shi ranar Lahadi. Ba na neman a haɗa salla, ba na neman a goge aya ko ɗaya. Suratul Kafiruna tana nan yadda take. Amma littafin da ya zo da ita shi ne ya zo da aya ta 8 a Mumtahana, cewa Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su fitar da mu daga gidajenmu ba, da yi musu adalci. Shi ne ya hana zagin abin da wasu ke bauta wa a An'am aya ta 108. Annabin da muke fushi dominsa shi ne ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka gaya masa ya ce ashe ba rai ba ce? Shi ne ya je duba yaron Bayahude mai yi masa hidima da ya kwanta ciwo. Shi ne ya tura sahabbansa Habasha wurin sarki Kirista saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Shi ne ya ce wanda ya kashe wanda ke da alkawarin zaman amana da Musulmi ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. In koyar da waɗannan narkar da aƙida ne, to a gaya mini wace aƙida ce ake tsaro.

A ɗaya gefen kuma ina da ƙorafi kan yadda ake tallar zaman lafiyar. Tun bayan 2015 an yi taruka ba iyaka a otal-otal da ɗakunan taro, ƙungiyoyin agaji su gayyaci limamai da fastoci, a yi jawabi da Faransanci, a ɗauki hoto ana riƙe da hannun juna, a raba kuɗin zama, kowa ya kama gabansa. Ban raina niyyarsu ba, na halarci wasu ma. Sai dai malamin islamiyyar da ke lungun Garin Malam ko Kara-Kara, wanda yara sittin ke gabansa kowace la'asar, ba a gayyatarsa, kuma ko an gayyace shi ba ya jin yaren taron. Banda haka, duk abin da ya zo da tambarin ƙungiyar waje mutanenmu da zargi suke kallonsa. Kuɗin yini guda na irin wannan taro zai ishi a tara malaman unguwa guda, na Izala da na ɗariƙa, a zaure ɗaya, wani babban malami da duka suke girmamawa ya bi da su babin haƙƙin maƙwabci da ladubban saɓani. Masu iya wannan muna da su. Tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko a garin Say, jami'ar Musulunci ta can tana karantar da ɗalibai tun shekarun 1980, ga waɗanda suka dawo daga Azhar da Madina da Sudan da Maroko. Da yawansu suna nan suna koyarwa a kan ƴan jikkunan da ba su kai su ƙarshen wata, wani ma da dare kabu-kabu yake yi. Malamin da ke tunanin hatsin gidansa ba zai zauna shirya darasi ba, abin da ya haddace zai maimaita.

Ga masu makarantun kuɗi irin tamu, akwai abin da ya kamata mu gyara tun a wannan shekarar karatu. In lokacin darasin addini ya yi, yaran Kiristoci fita suke yi su zauna ƙarƙashin dogon yaro har a gama. Daidai ne kada a tilasta musu, babu tilas a addini. Amma awa biyu a mako suna waje babu mai kula da su, sauran na leƙensu ta taga, wannan ma darasi ne muke koyarwa ba mu sani ba. A ba su ɗaki da malami da aikin yi. Kuma a ware wani lokaci, ko sau ɗaya a wata, da ajin duka zai zauna a yi maganar abin da ya shafi kowa: gaskiya, amana, haƙƙin iyaye, haƙƙin maƙwabci, me za ka yi in an yi rasuwa a gidan abokinka wanda ba addininku ɗaya ba. A yi shi da Hausa. A faranko-arab mun daɗe muna koyar da addini da Larabcin da yaro bai gama ji ba, ya haddace ya zuba a takardar jarrabawa ya manta. Tunda kundin sake gina ƙasa da aka amince da shi a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ban ga abin da zai hana a fassara wa yaro aya da harshen da yake mafarki da shi ba. Wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ɗan'uwansa ya taimaka masa.

Wani zai ce ai muna da taubasantaka, ita ta riƙe ƙasar nan. Gaskiya ne, har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2014, kuma a ajina in Babarbare da Bafillace suka fara tsokanar juna kan wane ne bawan wani, ni ma dariya nake yi. Amma taubasantaka ƙabila da ƙabila ta haɗa. Ban san wasan da ke tsakanin ɗan Izala da ɗan ɗariƙa ba, balle Musulmi da Kirista. Wannan ɓangaren mu masu alli da allo aka bar wa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka ya zaga islamiyyoyin Birni da Zango da Sabon Gari, ya tambayi malamai littattafan da suke karantarwa da inda suke tsayawa a kowanne, ya tambayi yara a ina suka ji abin da suka sani game da waɗanda ba aƙidarsu ɗaya ba. Ka kuma buɗe fili malaman ɓangarorin biyu da na coci su ba ni amsa, har wanda zai ce ban yi daidai ba. Masu duba makarantun faranko-arab na jiha su ma ina so in ji ta bakinsu kan awoyin da manhaja ta ba babin mu'amala.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Malamin Larabci da darasin addini,
Unguwar Birni, Damagaram